Zuciya Mai Madubi Biyu

Masu karatu, ku gyara zama, don yau ba ni da niyyar rufa wa kowa asiri, har ni kaina.

Ga wanda yau ya fara bina, sunana Tihana, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a wani kantin magani a nan Zagreb, kuma saura mako takwas a ɗaura mini aure da Borna. Shekara biyar muna tare. Dogo ne, mai fara'a, yana riƙe wa tsofaffi ƙofa, duk matan benenmu sun gama yi wa Mama barka da samun suruki. Ni kuwa wata uku ke nan ina maimaita musu magana ɗaya, cewa ba na so.

Duk ranar da na faɗa, tambaya uku Mama take jero mini, tana lanƙwasa yatsu.

"Ya taɓa dukanki?"

"A'a."

"Mashayi ne?"

"A'a."

"Kin kama shi da wata?"

"A'a, Mama."

"To ke mene ne ciwonki? Kawo dalili, Tihana. Dalili guda ɗaya mai kama da dalili, ni da ƙafata zan je coci in gaya wa Fada an fasa."

To me zan ce mata? In ce duk gidan abincin da muka shiga shi yake zaɓa mini abin da zan ci, har ya gaya wa mai kawowa ba na cin albasa, alhali ni ina son albasa? In ce ya riga ya shaida wa iyayensa zan bar aikina in koma tsaron shagonsu, ni ban ji ba sai a bakin ƙanwarsa? In ce ranar da ya turo saƙo cewa ba zai samu zuwa ba, sai in ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, in dafa shayi in miƙe ƙafa? Na taɓa gwada faɗin wannan na ƙarshen. Gwaggo Zlata, yayar Babana, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai shi ke nan auren, ita shekara talatin da ɗaya tana jin haka.

Ranar Asabar da safe ban ko buɗe ido sosai ba wayata ta fara kuka. Zauren da suka buɗe mai suna "Bikin Tihana", mutum talatin da huɗu, ni ce kawai ba na magana a ciki. Gwaggo ta turo hoton zaren ado kala uku da za a ɗaure wa baƙi a ƙirji, tana tambayar wanne ya fi. Mama ta turo saƙon murya na minti shida. Can ƙasa kuma na Borna, shi kaɗai:

"Zuciyata, gwajin riga ƙarfe huɗu. Ki sa dogon takalmi don a auna daidai. Gobe za mu zo cin abincin rana ni da Mama. Ki saki fuska don Allah."

Ki saki fuska. Na ja tsaki, na kifa wayar, na ɗaga kai, idona ya sauka a kan zuciyar da ke rataye saman madubin kwalliyata.

Sana'ar gidan su Borna ke nan tun kakan kakansa, zuciyar lisitar. Jar zuciyar nan ta ƙullu da ake gasawa ta bushe ƙarau, a zana mata furanni da sukari, a liƙa ɗan madubi a tsakiya, saurayi ya miƙa wa budurwa ta leƙa ta ga wadda ke ransa. Ba ci ake yi ba, ratayewa ake. Ta kasuwa madubi ɗaya gare ta. Amma a gidansu kowane namiji sau ɗaya tak a rayuwarsa yake yin mai madubi biyu, da hannunsa, ya ba matar da zai aura. Ta mamansa tana cikin kabad ɗin gilashi a falonsu, ta kakarsa an binne ta da ita. Tawa shekara uku ke nan da ya ba ni, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ranar na yi kuka. Borna bahago ne, furanninsa duk hagu suke juyawa, ko cikin dubu aka jefa aikinsa sai na tsince shi.

Ina nan kwance Vlatka ta kira. Abokiyar aikina ce, ta girme ni da shekara takwas, bara aurenta ya mutu, kuma tun ranar take ƙiba tana kyau.

"Ke, tashi ki raka ni gidan tarihin nan na saman tudu."

"Wanne? Na masu karyayyar zuciya? Ai na baƙi ne masu yawo da kyamara."

"Yau na 'yan gari ne. Ajiya zan kai."

Na sa doguwar rigata rawaya, wadda Mama take cewa ta mai da ni kamar kanari, na zura farin kambas, na tufke gashina sama. A falo Mama tana zaune gaban teburi ta baza takardar tsarin zaman baƙi, Baba yana gefe ya ɓoye fuska a bayan jarida. Baba ba ya shiga maganar bikin nan. Gaskiya ma Baba ba ya shiga kowace magana, tun da na yi wayo.

"Ina zuwa da wannan takalmin?" in ji Mama.

"Shan iska."

"Ƙarfe huɗu, Tihana."

"Na ji."

Na samu Vlatka a ƙasan matakalar hawa tudun tana rungume da leda. Muka hau tana haki tana zagin wanda ya gina matakalar. Sai da muka kai ƙofar gidan ta buɗe ledar ta nuna mini. Kan famfo ne sabo fil, ko kwalinsa ba a yage ba.

"Wannan fa?"

"Shekara shida famfon kicin ɗina yana ɗiga. Ranar da muka tare ya sayo wannan, ya ce gobe zai ɗaura. Har ya kwashe kayansa goben ba ta zo ba."

"Ai da kin kira mai gyara ya ɗaura miki."

"Allah ya kiyaye! Wani na saya. Wannan kam duniya ce za ta gani."

Matar da ke karɓar ajiya ko murmushi ba ta yi ba, da alama ta ga abin da ya fi haka. Ta miƙa wa Vlatka takarda ta ce ba a son suna, ta rubuta gari, da ranar da aka fara, da ranar da aka ƙare, sai labarin. Vlatka ta zauna tana tauna biro. Ni kuma na shiga ciki.

Na yi zaton wurin dariya ne, kuma da farko na yi dariyar. Ɗakuna ne farare, kowane kaya a kan ɗan dakalinsa da kati a gefe. Ga haƙoran roba na wani tsoho, matarsa ta rubuta cewa shekara arba'in yana cizonta da magana, yanzu ya ciza mu gani. Ga kwalbar barkono da uwar miji ta jiƙa, wadda ta kawo ta ce ita kaɗai take kewa a gidan. Ga safar jariri ƙafa ɗaya, wannan ban iya karanta katinta har ƙarshe ba. Mutane suna tafiya a hankali, ba mai ɗaga murya. Wata baƙuwa tana share hawaye da gefen gyale, saurayinta yana tsaye bai san inda zai sa hannunsa ba.

A ɗaki na uku na hango ja daga nesa.

Na ce a raina, lisitar ce, a garin nan wa bai taɓa ba wata ba. Na matsa. Madubi biyu. Ƙafata ta tsaya da kanta. Na sunkuya har numfashina yana taɓa gilashin, na bi furannin ɗaya bayan ɗaya, fari, ruwan hoda, fari. Duk hagu suke juyawa.

Daidai lokacin igwar da ake bugawa kullum da sha biyun rana ta tashi a hasumiyar da ke kusa, baƙi suka zabura, wata ta yar da wayarta. Ni ko motsi ban yi ba, kati nake karantawa.

"Samobor. Mayu 2023 zuwa Oktoba 2024. Shi ya yi ta da hannunsa. Ya ce a gidansu sau ɗaya namiji yake yin mai madubi biyu. Fiye da shekara tana rataye saman gadona. Ranar da na ji ashe akwai wadda ya sa wa zobe, na ɗauko ta zan farfasa, na kasa. Ba na son in ƙara ganin fuskata a ciki. Idan ke ce kike karantawa, ki yafe mini, ban san da ke ba."

Zoben da ke hannuna ranar Ista ta 2024 ya sa mini shi, a gaban iyayenmu, yana durƙushe. Samobor kuwa can yake kai kaya duk Laraba, ya dawo mini da kek ɗin garin a kwali, in ci in yi godiya.

Ku tambaye ni me na fara ji. Ba kishi ba ne, ba kuma baƙin ciki ba. Daɗi na ji, masu karatu. Wani irin daɗi mai kunya, na wanda aka daɗe ana ce masa mai ƙaryar ciwo, sai ga likita ya tabbatar. Bayan shi tausayin yarinyar ya zo, don ni ma na san yadda ake tsayawa gaban madubin nan biyu ana jin an fi kowa sa'a. Fushi shi ya zo ƙarshe, kuma shi ya zauna.

Vlatka ta iso tana murna an karɓi famfonta. Ta kalli fuskata, ta kalli gilashin, ta karanta katin, ta sake karantawa.

"Kai! Kai! Kai! Ɗan banza! Tihana, ɗauki hoto. Ɗauki maza kafin in fasa gilashin nan."

Na ɗauka, zuciyar da katin.

"Shi ke nan, kin huta. Ga dalili ya faɗo miki har gida. Tura musu a zauren bikin yanzun nan, mutum talatin da huɗu su karya da shi."

Muka zauna a wurin shan kofi na ƙofar gidan, wayar tana hannuna, hoton a buɗe. Yatsana yana kan alamar turawa. Na san abin da zai biyo baya. Mama za ta dafe ƙirji, Gwaggo za ta tsine masa, a je wurin Fada, kowa ya rungume ni ya ce Allah ya cece ni. Kuma duk cikinsu ba wanda zai tuna cewa wata uku ina cewa ba na so, ba wanda ya saurare ni. Bakina bai isa ba, sai da hawayen wata baiwar Allah daga Samobor ya buga masa hatimi. Gobe in wani ya zo, shi ma sai na nemo shaida kafin a bar ni in ƙi.

Na kashe wayar na jefa a jaka.

"Me kike yi?" in ji Vlatka.

"Ba zan tura ba."

"Kin haukace? Auren za ki yi?"

"Ba zan yi ba. Amma da bakina zan fasa shi, ba da katin wata ba."

Ta turo mini sauran kek ɗin da take ci. "Ci. Wannan taurin kan yana bukatar abinci."

Gwajin riga ban je ba. Kira goma sha ɗaya Mama ta yi, Borna huɗu. Saƙonsa na ƙarshe cewa ya yi, "Kin ba ni kunya gaban tela. Gobe za mu yi magana." Na mayar masa da kalma ɗaya: "Lallai."

Ranar Lahadi Mama ta fito da farantan cikin kabad, masu zanen zinariya a baki, waɗanda sai Kirsimeti muke ganinsu. Ta shimfiɗa farin zanen tebur da kakata ta saƙa. Romon naman shanu da siririyar taliya, gasasshen talotalo, salak ɗin kabeji. Tun safe ba ta ce mini uffan ba, da murfin tukunya take yi mini faɗa. Na sa baƙar riga mai dogon hannu, ban shafa komai a fuska ba. Gwaggo Zlata tana shigowa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wa ya mutu?"

Borna ya zo da furanni biyu, ɗaya na Mama, ɗaya nawa. Farar riga, turaren da na saya masa. Mamansa ta sumbace ni a kumatu tana cewa na rame, amarya ba ta ramewa. Muka zauna. Baba ya ɗauki wuƙa ya fara yanka talotalon a nutse, aikin da ya fi ƙwarewa a kai ke nan a duk taron gida.

Borna ya ɗauki cokalin salak ya zuba mini, yana tsince albasar yana mayarwa cikin kwano.

"Bar mini albasata," na ce.

Ya yi dariya ya kalli mamansa. "Rigima take ji tun jiya."

"Ba rigima nake ji ba. Borna, ba zan aure ka ba. Na faɗa wa Mama, na faɗa wa Gwaggo, yau ina faɗa maka a gaban mamanka don kar a ce ba a ji ba."

Cokalin Gwaggo ya faɗa cikin romo. Mamansa ta dafe sarƙar wuyanta. Shi kuwa murmushin bai bar fuskarsa ba, sai dai kunnuwansa sun yi ja.

"Zuciyata, me na yi miki? Faɗi a gaban kowa. In na yi laifi in durƙusa."

Wayata tana cikin aljihun rigata, ina jin nauyinta a cinyata. Daƙiƙa biyu ta isa in shafe murmushin nan. Allah ya sani na so, har hannuna ya kai bakin aljihun. Na dawo da shi kan tebur.

"Ban ce ka yi komai ba. Ba na so ne."

"Ba na so ba dalili ba ne," in ji Gwaggo.

"A wurina dalili ne, Gwaggo, tunda ni za a kai."

"Ji mini yarinya! Mutum ɗari biyu da arba'in an gayyata, ki ce ba kya so, sai ka ce miya aka zuba miki?"

Mama ta miƙe. "Tihana, zo ki taya ni ɗauko kek."

Ba kek ba ne, kowa ya sani. Ta ja ni kicin ta turo ƙofar gilashin, ta jingina da ita. Ta goge hannunta a jikin rigar girkinta, ta sake gogewa. Murya ƙasa ƙasa ta fara.

"Ki rufa mini asiri. Me kike so in yi, in durƙusa miki?"

"Ki ji ni kawai, Mama. Sau ɗaya."

"Ina jin ki. Na san abin da ke cin ki, ni na haife ki." Ta matso ta kama hannuna. "Indai a kan yarinyar nan ta Samobor ce, an kashe wannan maganar tun bara. Ni da mamansa muka zaunar da shi, ya yi kuka, ya rantse. Ya rabu da ita. Namiji ne, kafin aure ne, ya wuce."

Ban gaya wa kowa maganar Samobor ba. Vlatka kaɗai, ita kuma ko lambar Mama ba ta da ita.

Na zare hannuna. Na kalli matar nan da ta yi wata uku tana lanƙwasa mini yatsa na uku tana tambaya ko na kama shi da wata, tana kallon tsakiyar idona, alhali amsar tana cikin bakinta. Ashe ba tambaya take yi ba, dubawa take ko na gano.

"Tun bara," na ce.

"Don ke na yi. Ban so ranki ya ɓaci."

"Su wa suka sani?"

"Rage murya."

"Gwaggo ta sani?"

Ta kawar da kai wajen taga.

Ban yi kuka ba, kuma ina alfahari da hakan. Na matsar da ita daga jikin ƙofar a hankali, don uwata ce, na buɗe ƙofar har ta bugi bango. Duk suka ɗago. Zoben ya ɗan maƙale a gaɓar yatsana, na murɗa shi da ƙarfi ya fita, na ajiye shi a gefen farantin Borna, ya yi ƙara a kan bakin zinariyar.

"Ga kayanka. Ɗayar ajiyar taka tana ɗakina, zan sauko maka da ita, ka ga ko akwai mai bukata ta uku." Na juya ga sauran. "Kuma kar wanda ya ƙara tambayata dalili a gidan nan, tunda duk kun riga ni saninsa."

Maman Borna ta sunkuyar da kai tana gyara cokali mai yatsu da ba abin da ya same shi. Gwaggo Zlata, wadda ba a taɓa rufe mata baki ba tun da aka haife ta, ta ƙura wa romonta ido.

Sai na ji an ajiye wuƙa a kan faranti.

Baba ne. Ya cire tabaransa, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Ya dubi yayarsa, ya dubi Borna, sannan ya dubi Mama da ke tsaye a bakin kicin. Da wata murya da ban taɓa jin ta a gidanmu ba ya kira sunanta.

"Nevenka. Me kuka sani a kan 'yata, ku duka, da ni ban sani ba?"